Zamana a Tallin: Kati a Aljihu, Waƙa a Baki

Aiki ne ya kai ni Estoniya. Sana'ata gina shafukan intanet, kuma wani kamfani a Tallin, babban birnin ƙasar, ya ɗauke ni in riƙa kula masa da fuskar shafukansa, wato abin da mai ziyara ke gani yana latsawa. A watan Nuwamba na sauka, watan da duk ɗan ƙasar da na faɗa wa sai ya girgiza kai ya ce ai ba lokacin zuwan baƙo ba ne. Da gaskiyarsu. A ƙarshen watan gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe tara, kafin huɗu na yamma kuma an kunna fitilun titi. A tsakiyar Disamba yinin gaba ɗaya bai fi awa 6 ba, shi ma idan gajimare ya ga dama ya bar rana ta leƙo.

Ƙasar ƙarama ce. Mutanenta ba su wuce miliyan 1.3 da 'yan kai ba, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma a Tallin suke zaune, a bakin teku, suna fuskantar Helsinki, babban birnin Finlan, da ke tsallake, tafiyar awa 2 a jirgin ruwa. Tsohon garin, mai ganuwa da hasumiyoyi da titunan dutse, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1997, kuma nan masu yawon buɗe ido ke cika. Ni ban cika shiga ba sai in na yi baƙo. Unguwar Kalamaja na samu ɗaki, cikin tsofaffin gidajen katako masu hawa biyu da uku inda masunta da ma'aikatan masana'antu suka zauna a da. Ofishinmu kuma yana Telliskivi, wasu gine-ginen masana'antar jirgin ƙasa da aka mayar ofisoshi da wuraren wasanni, duk bangonsu zane-zane. Da ƙafa nake zuwa.

Abin da ya fara tafiya da imanina shi ne katin izinin zama. Kati ne kamar na banki, da ɗan ƙwayar lantarki a jikinsa, ana haɗo shi da lambobin sirri biyu a rufaffiyar ambulan. Ta farko mai alƙaluma huɗu ce, da ita kake shaida wa kowane shafi na gwamnati ko na banki cewa kai ne. Ta biyu mai alƙaluma biyar, ita ce sa hannunka, kuma a gaban shari'a daidai take da sa hannun biro a takarda. Kowane mazauni yana da lamba mai alƙaluma 11: na farko yana nuna jinsi da ƙarnin haihuwa, shida da ke biye su ne shekara da wata da rana. Ban da ɗaukar hoto da zanen yatsu, wanda dole mutum ya kai kansa, kusan komai a kan teburin ɗakina na yi shi. Da na yi rajistar adireshina na zama mazaunin Tallin, sai bas da taragon cikin gari suka zama kyauta a gare ni, tsarin da birnin ya fara a 2013. Koren kati kawai kake kangawa a jikin na'ura idan ka shiga. Likita ya rubuta mini magani ban ga takarda ba, na je kantin magani na miƙa kati, mai sayarwa ta duba kwamfuta ta ɗauko.

Mai irin sana'ata ba ya ganin haka ya yi barci bai leƙa bayan labule ba. Na kwana dare da yawa ina karanta yadda aka ɗinka abin. Na zaci wani ƙaton rumbu ne guda aka zuba bayanan kowa a ciki, ashe ba haka ba. Kowace ma'aikata tana riƙe da nata rumbun: haraji daban, lafiya daban, rajistar filaye daban. Abin da ke haɗa su wata hanya ce da ake kira X-Road, wadda ta fara aiki a 2001. Idan ma'aikata tana buƙatar wani bayani a kanka, ta wannan hanya take tambayar mai riƙe da shi, a rufe saƙon, a sa masa hannu, a rubuta lokacin da ya wuce. Ƙa'idarsu ita ce kada gwamnati ta tambaye ka abu ɗaya sau biyu. Sannan akwai shafin da za ka shiga ka ga wace ma'aikata ce ta duba bayananka da kuma yaushe. Wannan ya fi komai burge ni, domin a yawancin wurare hukuma ce ke kallon mutum, shi ba ya ganinta.

Ba dare ɗaya aka kai nan ba. Da ƙasar ta dawo da 'yancinta daga Tarayyar Soviet a watan Agustan 1991, ba ta da dukiyar gina manyan ofisoshi a kowane lungu, sai ta karkata ga kwamfuta. A 1996 shugaba Lennart Meri ya sanar da shirin Tiigrihüpe na kai kwamfuta da intanet makarantu. Katin shaida mai ƙwayar lantarki ya fito a 2002. A 2003 wasu matasan Estoniya suka rubuta manhajar Skype ta kiran waya ta intanet, kuma kuɗi da gogewar da suka fito daga nan su suka haifi kamfanoni da yawa da ke birnin yau. A 2005 aka fara jefa ƙuri'a ta intanet, a zaɓen majalisa na 2023 kuwa ƙuri'un intanet sun ɗara rabi. Sun sha wuya ma. A watan Afrilun 2007, bayan an ɗauke wani mutum-mutumin sojan Soviet daga tsakiyar Tallin, an yi makonni ana kai wa shafukan bankuna da jaridu da gwamnati hari har wasu suka durƙushe. A 2017 masu bincike suka gano rauni a ƙwayar katunan shaida sama da 700,000, gwamnati ta fito fili ta faɗa, ta dakatar da su har aka sabunta. A ganina wannan fitowa fili ita ce jarin tsarin, fiye da duk wata dabarar lissafi da ke cikinsa.

To amma akwai abin da masu tallata ƙasar ba sa faɗa wa baƙo. Inda babu layi, babu wanda za ka tsaya kusa da shi ku yi mitar layin tare. A kanti da kanka za ka auna kayanka ka biya a na'ura. Saƙon da ka saya ta intanet yana jiranka a wani akwatin ƙarfe a bakin kanti, ka danna lamba ƙofa ta buɗe. A wasu unguwanni har 'yan ƙananan mutum-mutumi masu taya shida na kamfanin Starship za ka gani suna bin gefen titi da kaya a cikinsu, suna tsayawa a mararraba sai motoci sun wuce. A ofis kowa da abin sauraro a kunne, wanda ke zaune kusa da kai ma rubuto maka yake yi. Mutanen ba mugaye ba ne, ba sa dai ɓarnar magana, kuma a wajensu barin mutum ya sarara girmamawa ce. Ni kuwa mutum ne mai son hira. Sai na wayi gari komai nawa yana tafiya daidai, haraji, haya, asibiti, banki, amma idan na lissafa wanda na yi magana da shi baki da baki daga Litinin zuwa Juma'a, abin ba ya cika hannu.

Wata abokiyar aikina ce ta fara fasa wannan ƙanƙara. Wata yamma muna fitowa, ta dubi baƙar rigar sanyina daga sama har ƙasa, ta zuge jakarta ta ɗauko wani ɗan faifan roba mai ƙyalli da zare da fil.

“Maƙala wannan a gefen dama, ya sauko daidai gwiwa,” in ji ta. “Doka ce. Direba ba ya ganinka a duhun nan.”

Haka ne kuwa, dokar hanya ta wajabta wa mai tafiya a ƙasa sa abin ƙyalli idan duhu ya yi, sai a lokacin na lura kowa yana da nasa yana reto, yara da tsofaffi. Muna tafiya ta ce ta sha jin ina ɗan rera waƙa ƙasa-ƙasa idan aiki ya ɗauke mini hankali, kuma ƙungiyar waƙarsu tana ƙarancin maza masu kaurin murya. Na ce ban iya yarensu ba. Ta ce ba hira za a sa ni ba.

Ranar Talata da yamma suke haɗuwa a zauren wata makaranta. Kowa ya tuɓe takalmin waje a bakin ƙofa ya sa na ciki, saboda dusar ƙanƙara da gishirin titi. Kujeru a jere kamar rabin wata, mata kashi biyu, maza kashi biyu. Akwai malamar asibiti, da direban tarago, da ɗalibai, da masu rubuta manhaja irina. Jagorar ƙungiyar mace ce 'yar siririya. Ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ta buga a gwiwarta, ta kai kunne, sannan ta rera wa kowane kashi sautin da zai fara da shi, daga ƙasa zuwa sama. Ta ɗaga hannu, aka ja numfashi tare. Mutanen da na saba gani a tarago fuska a ɗaure, ido a taga, suka buɗe baki, sai na ji kujerar da nake kai tana rawa.

Kusa da wani dattijo aka zaunar da ni, tsohon makanikin jiragen ruwa. Bai ce mini komai ba ana cikin waƙa, ya dai karɓi takardar waƙata, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya riƙa ja wa wasu gaɓoɓi layi ɗaya, wasu layi biyu. A yarensu sauti yana da tsawo hawa uku, gajere da dogo da mai tsawo sosai, kuma idan ka gajarta inda ya kamata ka ja, ka faɗi wata kalma daban. Duk inda na kauce sai ya ɗan taɓa takardar da gindin fensir, idonsa na kan jagora. Da aka tashi ya ce, “Talata mai zuwa ka zo da naka fensirin.” A ƙasar nan wannan gayyata ce babba.

A wannan zaure na san tsohuwar waƙarsu ta gargajiya, regilaul. Mai bayarwa ɗaya ne, sauran 'yan amshi. Kowane layi gaɓa takwas ne, kalmominsa suna farawa da sauti iri ɗaya, kuma ma'ana guda ake juyawa ta fuskoki da yawa kafin a wuce gaba. Dabarar da ta fi kama ni ita ce 'yan amshi ba sa jira mai bayarwa ya kai ƙarshe. A gaɓoɓin ƙarshe na layinsa suke shigowa, su maimaita layin yayin da yake numfashi, shi kuma ya tare su a ƙarshen nasu da sabon layi. Waƙar ba ta tsinkewa ko na ƙiftawar ido, kamar igiyar da ake tufkawa ana ƙara mata zare. Ga baƙo wannan rahama ce: ba ka buƙatar takarda, abin da ka ji shi za ka mayar. Mawallafin kiɗa Veljo Tormis, wanda ya rasu a 2017, ya shafe rayuwarsa yana ɗauko irin waɗannan waƙoƙi yana tsara su don manyan ƙungiyoyi, kuma ayyukansa ne suka fi ba mu wuya, su ne kuma muka fi so.

Son sanin tushen abin ya sa na hau jirgin ƙasa ruwan lemo zuwa Tartu, tafiyar awa biyu da wani abu cikin dazuzzuka da fadamu, ƙasa shimfiɗe ba tudu. Tartu garin ɗalibai ne a bakin kogin Emajõgi, jami'arsa tun 1632, zamanin da Suwidin ke mulkin yankin. A nan aka yi bikin waƙa na farko a 1869, ƙarƙashin jagorancin ɗan jarida Johann Voldemar Jannsen, kuma maza zalla ne suka rera a lokacin. A nan kuma ma'ajiyar adabin baka ta ƙasar take. A 1888 wani limamin coci, Jakob Hurt, ya buga kira a jaridu yana roƙon jama'a su rubuto masa waƙoƙi da tatsuniyoyi da karin maganar ƙauyukansu. Sama da mutum dubu suka amsa, malaman makaranta da manoma da ɗalibai, suka aiko da shafuka sama da 100,000 ta gidan waya. Mu masu aikin intanet muna yawan cika baki da shafukan da jama'a ke cikawa da kansu, kamar mu muka ƙirƙiro. Hurt ya riga mu da fiye da shekara ɗari, har da buga rahoto a jarida yana ambaton waɗanda suka aiko don ƙara musu ƙwarin gwiwa. Yanzu an zuba dubban waɗannan waƙoƙi a rumbun intanet, kana iya nema ta gunduma ko ta sunan wanda ya rubuto.

Na kuma je Laulasmaa, yamma da Tallin, inda aka buɗe cibiyar Arvo Pärt a 2018 a tsakiyar dajin itatuwan fain kusa da teku. Pärt, haifaffen 1935, yana cikin mawallafan kiɗa da aka fi buga ayyukansu a duniya a wannan zamani. Kiɗansa 'yan sautuka ne kaɗan da tazara mai yawa a tsakani. Ina saurarensa idan ina aiki cikin hunturu, amma zuciyata ta fi karkata ga waƙar da ake yi da mutane a gefenka.

Da bazara ta shigo sai garin ya zama wani gari. A watan Yuni rana tana wuce awa 18 a sama, dare kuma shuɗi-shuɗi ne kawai. Daren 23 ga wata kowa ya bar birni ya tafi ƙauye a hura babbar wuta a kwana a waje. Dattijon nan ya gayyace ni gidan gonarsa, muka shiga ɗakin turirin da suke kira sauna, kuma a cikin wannan zafi ne bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin 1988, lokacin da dubban mutane suka riƙa taruwa da dare a filin waƙa na Tallin suna rera waƙoƙin kishin ƙasa, suna ɗaga tutar shuɗi da baƙi da fari da aka haramta. Ya ce ranar 23 ga Agusta 1989 ya ɗauki iyalinsa a mota suka je suka tsaya a bakin hanya, cikin sarƙar mutane kusan miliyan 2 da suka riƙe hannun juna daga Tallin zuwa Riga ta Latbiya zuwa Vilnius ta Lituweniya, sama da kilomita 600. Na tambaye shi ko bai ji tsoro ba. Ya ɗebi ruwa ya watsa wa duwatsun murhu, ya jira turirin ya lafa, ya ce tsoron wurin ajiye mota ya fi damunsa a ranar.

Babban bikin waƙa, Laulupidu, a al'ada duk shekara biyar ake yinsa, kuma UNESCO ta amince da shi tare da na Latbiya da Lituweniya tun 2003. Na halarci na watan Yulin 2025 a matsayin ɗan kallo, domin ƙungiyoyi sai sun ci jarrabawar tantancewa, kuma ni ban kai in tsaya a wannan sahu ba tukuna. Daga Tartu ake kunno wutar bikin a zagayo da ita ƙasa. Mawaƙa suna yin jerin gwano na kusan kilomita 5 daga tsakiyar gari zuwa filin, cikin kayan gargajiya, mata da zannuwa masu ratsi-ratsi da ke nuna gundumar da kowace ta fito, 'yan kallo a gefen titi suna kiran sunan kowace ƙungiya suna yi mata kirari. A filin akwai wata ƙatuwar rumfa mai lanƙwasa da aka gama a 1960, wadda ke turo sauti zuwa tudun da jama'a ke zaune. A saman tudun mutum-mutumin Gustav Ernesaks yana zaune yana kallon dandalin. Shi ya sa wa baitocin Lydia Koidula, 'yar Jannsen, karin da ya zama taken ƙasa na biyu a zamanin Soviet, wanda ko an cire shi daga jadawali jama'a kan rera da kansu. Da aka zo kansa kowa ya miƙe. Mawaƙa dubbai a dandali, jagora ɗaya ƙwal a kan wani ɗan dakali, kuma sautin na baya yana isowa a makare kaɗan saboda nisa, abin da ke sa waƙar ta yi kauri. Na hango dattijona a sahun masu kaurin murya a babban allo, fensir ɗin yana nan a bayan kunne.

Ba kowa ne ke wannan fili ba, ya kamata a faɗa. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar Rashanci ne harshensu na gida, kuma a unguwa kamar Lasnamäe, mai dogayen benayen siminti na zamanin Soviet, shi ka fi ji a bas. Filin waƙar yana gindin tudun unguwar, amma wani abokin aikina da aka haifa a can ya ce mini bai taɓa shiga bikin ba. Katinmu aiki ɗaya yake yi, da ni da shi da dattijon, X-Road ba ta bambanta mu, sai dai kati ba ya sa mutum ya ji an kira shi.

Yanzu ni ke kula da ɗan shafin ƙungiyarmu. Da can jagora tana aiko da sautin kowane kashi ta imel, ya ɓace cikin saƙonni. Na gina shafi inda waƙa ke da layukan sauti huɗu da ke tafiya tare, mutum ya rage na sauran ya ƙara nasa, ko ya kashe nasa gaba ɗaya ya gwada ko zai iya riƙe muryarsa shi kaɗai a tsakiyar ukun. Ayyukan Tormis suna da haƙƙin mallaka, saboda haka komai yana bayan lambar sirri, 'yan ƙungiya kawai ke shiga. Jagora ta amince da sharaɗi ɗaya: ba za a ɗora sabuwar waƙa ba sai an fara koyonta a zaure, don kada mutane su zauna a gida su ce sun yi bita. Dattijon ya kawo nasa ƙorafin a rubuce a bayan takardar waƙa. Rubutun ya yi ƙanana a waya, kuma yana son maɓallin rage gudun waƙa ba tare da sautin ya faɗi ba. Na farko na gyara a daren. Na biyun yana aiki lafiya a kwamfuta, amma a tsofaffin wayoyi layukan huɗu suna zamewa daga juna bayan minti ɗaya ko biyu, masu kaurin murya su riga kowa isa ƙarshen baiti. A watan Satumba ake komawa bita, ya kuma ce ranar Talatar farko zai duba.